Idan Ciwon Rigar Jijiya Ya Taɓa Dariya, Kuka Da Fushi: Jagora Ga Mutanen Gida

Ranar sadakar uku ta kawunmu ce, a unguwar Bagalam, cikin Maraɗi. Mata sun cika tsakar gida, tabarmi har bakin zaure, kowa ya yi jugum. Wata tsohuwa ta shigo tana cewa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai," sai ƙanwata ta fashe da dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki. Ta cusa gefen mayafi a baki, abin ya ƙi tsayawa. Gwaggo ta finciko ta zuwa ɗaki, na bi bayansu. Bai fi minti biyu ba ta lafa, ta dube ni ta ce, "Yaya, wallahi ba abin da ya ba ni dariya. Kuka nake so in yi, sai wannan ta fito."

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu, wata ma cewa ta yi dama can yarinyar ba ta da ta-ido. A lokacin shekara biyu ke nan da likita ya gaya mana sunan ciwonta. Mun san yana kashe mata ƙafa, mun san ya taɓa dushe mata ido ɗaya, amma ba mu san yana shiga har inda dariya da kuka suke fitowa ba. Abin da muka koya daga ranar zuwa yau shi zan jera, don gidan da ke da irin wannan mara lafiya.

Likitocinmu suna kiransa sclérose en plaques, a taƙaice SEP. In takardarku daga Kano ko Katsina ta fito, MS, wato multiple sclerosis, za ku ga an rubuta. Ni ciwon rigar jijiya nake ce masa. Ba shi da dangantaka da sikila, ko da yake Inna ta yi wata guda tana haɗa sunayen.

Mataki na farko: ku tabbatar shi ɗin ne

Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka da bayan ido suna sanye da wata riga mai maiƙo da ake kira miyalin, kamar robar da ke jikin wayar wuta. A wannan ciwo, garkuwar jikin mutum ce take juyowa tana cin rigar, ta bar tabo nan da can. Saƙo ya riƙa jinkiri, ko ya ɓace a hanya. Ya fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza sau biyu ko fiye, kuma a ƙididdigar 2020 mutum miliyan 2.8 ne suke ɗauke da shi a duniya. A yawancin mutane zuwa yake yi ya tafi: ido ya dushe ƴan makonni ya dawo, bayan shekara ƙafa ta mutu ta farfaɗo. Wannan zuwa da tafiyar shi ya sa ake saurin jingina shi ga iskoki.

A ƙasashen zafi irin namu bai kai yawan da yake da shi a Turai da Amurka ba, don haka kada kowa ya laƙaba wa kansa shi daga karanta wannan. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne yake tabbatarwa, da hoton ƙwaƙwalwa da ake kira IRM ko MRI, wani lokaci har da ɗibar ruwan laka. Mu Yamai muka je, tafiyar fiye da kilomita 600, wasu kuma Kano suke nufa. Ku roƙi likita ya duba muku har da ciwon Devic, wanda yake kama jijiyar ido da laka. Suna kama da juna ƙwarai, baƙar fata sun fi samunsa, ana gane shi da gwajin jini, kuma wasu magungunan SEP ƙara masa ƙarfi suke yi.

Mataki na biyu: ku gane inda abin yake lalacewa

A zuciya muke cewa muna jin tsoro da farin ciki, amma a ƙwaƙwalwa ake dafa su. Can ciki, wajen daidai kunne, akwai wani ɗan curi da bai fi ƙwayar gujiya ba, ɗaya a kowane gefe, sunansa amigdala. Shi ne mai gadi. Shi yake fara tsinkayar fuskar da ta ɗaure ko muryar da ta tashi, ya buga ƙararrawa. Sashen da ke bayan goshi kuma shi ne dattijon gida, mai cewa dakata, nan gidan makoki ne, wannan surukarki ce. Akwai kuma cibiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, haɗe da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, waɗanda suke fitar da ainihin sautin dariya da kuka, su motsa fuska da ƙirji.

Duk waɗannan wurare da dogayen wayoyi aka haɗa su, kuma wayoyin nan su ne masu rigar miyalin. To ga inda gizo ke saƙar. Mai gadi yana nan, dattijo yana nan, amma layin da ke tsakaninsu ya tsiraita. Duk wanda ya taɓa hawa kabu-kabun da wayarsa ta goge ya san abin: hon ya riƙa kaɗawa shi kaɗai ba a taɓa shi ba, wata rana kuma a danna ya ƙi. Binciken da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa tun kafin a ga wani sauyi a fili, sashen goshin masu ciwon yana aiki fiye da kima idan suna kallon fuskar fushi ko tsoro, don ya rufe giɓin. Wato abin da ku kuke yi a kyauta, ita mara lafiyar da wahala take yinsa. Ga kuma kumburin da garkuwar jiki take haddasawa, wanda shi ma yana danne walwala.

Ba sabon labari ba ne. Jean-Martin Charcot, likitan Faransa da ya fayyace ciwon a 1868, tun a lokacin ya lura marasa lafiyarsa suna dariya ba dalili, su kuma ɓarke da kuka ba dalili.

Mataki na uku: ku sayi kaye, ku rarrabe abin da kuke gani

Nan ne aikin yake, kuma nan gidaje da yawa suke kuskure. Sukan haɗa kome su ce "halinta ya sauya". Alhali abubuwa daban-daban ne, kowanne da maganinsa. Ku sami kaye, wato littafin rubutu, da biro, ku yi sati uku ko huɗu kuna rubutawa: ranar, lokacin, abin da ya faru kafin nan, minti nawa ya ɗauka, ko ta yi barci jiya, ko ana zafi, wane magani ta sha. Layi mafi muhimmanci shi ne na ƙarshe. Bayan ta natsu ku tambaye ta, "Me kika ji a ranki lokacin?" ku rubuta amsarta yadda ta faɗa.

Idan dariya ko kuka ne ya zo farat ɗaya, ya yi daƙiƙoƙi ko ƴan mintuna, ya tafi kamar an kashe rediyo, kuma ta ce ranta bai ji hakan ba, ko ta ce abin da ta ji kaɗan ne amma fitarsa ta yi yawa, wannan kuɓucewar dariya da kuka ce. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu ciwon suna samunta. Ita ce ta same mu a Bagalam.

Ciwon damuwa daban yake. Shi ba ya zuwa ya tafi cikin minti biyu, zama yake yi. Kusan rabin masu wannan ciwo sai sun gamu da shi a rayuwarsu, kuma ba baƙin cikin rashin lafiya kaɗai ke kawo shi ba, tabon da ke cikin ƙwaƙwalwa yana da hannu. Gane shi yana da wuya, domin gajiya da rashin barci da mantuwa duk ciwon jijiyar kansa yana kawo su. Don haka ku bar maganar gajiya, ku yi mata tambayoyi biyu da likitoci suke amfani da su. A sati biyun nan, ranki ya kasance a ɓace yawancin kwanaki? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, sun daina yi miki daɗi? Tamu mai son ƙunshi ce, ba a biki a dangi ba ta zana wa amarya lalle ba. Da na ga ledar lallenta ta yi wata biyu a kan taga ba ta taɓa ba, ban buƙaci wani ya gaya mini ba. Fargaba ma tana yawan biyo shi: faɗuwar gaba, tsoron fita, kwana ana lissafin yaushe ƙafar za ta sake mutuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata zumunci, don ba ya kama da ciwo ko kaɗan. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To wannan ciwo yana ƙaryata karin maganar ta fuska biyu. Fuskarta ba lallai ta ba ku labarin zuciyarta ba, ita kuma tana iya kasa karanta taku, musamman fuskar fushi da ta tsoro da ta baƙin ciki. Sai ku duba yadda muke zama da juna. Rabin maganarmu ba da baki muke yinta ba. Harara ce, tsaki ne, shiru ne, habaici da gatse. Wata rana surukarta ta shigo ta tarar da ita zaune, kwanuka a zube, ta ce, "Sannu da aiki." Ita kuwa ta amsa da fara'a, "Yauwa Inna, sannu." Maganar nan sai da ta kai gaban Baba a matsayin raini. Yarinyar ba ta ji gatsen ba sam. Wasu ma nasu ran suke kasa karantawa. A tambaye su me ke damunsu su ce ba su sani ba, kuma gaskiyarsu ke nan.

Sai saurin fushi, wanda a kayenmu kusan kullum bayan azahar yake faɗowa, lokacin da gajiya ta cika, ga yara na ihu, ga mutum uku suna mata magana a tare. Akwai kuma wata fara'a marar dalili da wasu suke yi idan ciwon ya yi nisa, mutum yana kwance ba ya iya tashi amma yana cewa kome lafiya lau. Ba ta da yawa, amma kada a ɗauke ta a matsayin samun sauƙi.

Mataki na huɗu: kafin ku ce ciwon ya tashi, ku duba zafi, zazzaɓi da magani

Jijiyar da rigarta ta goge ba ta jure zafi. Ko rabin digiri zafin jiki ya ƙaru, saƙo yana iya tsayawa. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, shi ya bayyana a 1890 cewa idon masu ciwon yana dushewa na ɗan lokaci idan sun motsa jiki, daga baya aka gano zafin jiki ne sanadi. Ku auna wannan da Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, rana ta haura digiri 40, ga wuta ta ɗauke. Ido ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, haƙuri ya ƙare. Abin kwantar da hankali shi ne zafi ba sabon tabo yake yi ba, da jiki ya huce abin yake komawa yadda yake. Ruwan randa, jiƙaƙƙen zane a wuya, kwanciya a inuwa daga azahar zuwa la'asar, girki da sassafe ko a bar wa wani bakin murhu. Aikin da ke buƙatar natsuwa, har da maganar da za ta iya kawo saɓani, a yi shi da safe.

Dole in tsaya a kan wankan jego. Ciwon yakan lafa a watannin ƙarshe na ciki, sannan ya fi saurin tashi a wata uku na farko bayan haihuwa. Daidai lokacin ne mu kuma muke dafa ruwa a garwa, safe da yamma, kwana arba'in, ana fyaɗa wa mai jego da ganye. Mai wannan ciwo tana iya fitowa daga wankan ƙafa ba ta ɗaukarta. Da ƙanwata ta haihu sai da muka yi zama da Gwaggo. Ta ce, "Ke yanzu so kike ɗanyen jiki ya kama ta?" Na ce, "Gwaggo, lokotoro ne ya hana, ga takarda." Aka sirka ruwan ya zama mai ɗumi kawai. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, daga baya ta sauko.

Zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara su ma suna tayar da tsofaffin alamomi, har da rikicewar hali. In abu ya sauya cikin kwana ɗaya ko biyu, a fara da auna zafin jiki, gwajin jini da na fitsari. Likitoci ba sa kiran abu sabon tashi sai ya wuce awa 24 kuma babu zazzaɓi.

Sai magani. Kortizon mai ƙarfi da ake sa wa a ruwa kwana uku zuwa biyar idan ciwon ya tashi yana hana barci, yana kawo surutu da rawar kai, wani kuma ya jefa shi baƙin ciki bayan an gama. Allurar interferon ma an yi gargaɗi a kanta ga mai ciwon damuwa. Ku rubuta ranar da aka fara kowane magani a kayen.

Mataki na biyar: yadda za ku yi a gida

Idan dariya ko kukan ya kuɓuce, kada a taru a kanta, kada a girgiza ta, kada a riƙa "mene ne, mene ne". Mutum ɗaya ya matso, sauran su ci gaba da abin da suke yi. Ita kuma ta koyi dabarunta: jan numfashi a hankali, sauke kafaɗa, sauya zama, in tana zaune ta miƙe, da mai da hankali kan wani abu na daban. Tamu carbi take ja tana ƙirgawa. Ba kullum yake tsayar da abin ba, amma yana gajarta shi.

Maganar gatse da harara kuwa, ku ne za ku sauya, ba ita ba. Ku faɗi abin da ke ranku da baki. "Raina ya ɓaci da ba ki gaishe da baƙona ba." "Wasa nake yi miki." Na san yana da nauyi, mu da aka rene mu da kunya da kara, kuma ni kaina na fi shekara kafin bakina ya saba. Mijinta ya fi ni shan wuya, domin shi mutum ne da in ya yi fushi shiru yake yi, ya jira a gane. Ya yi ta jira. Yanzu yakan ce, "Maman yara, yau fa ina fushi," su zauna su yi magana. Ita ma ta koyi tambaya kai tsaye, "Yaya, fushi kike yi ko gajiya ce?" Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a rage rediyo, a ba ta lokaci ta amsa. Jinkirin amsa ba taurin kai ba ne.

Kada kuma a killace ta a ɗaki don gudun abin kunya. Zaman kaɗaici abincin ciwon damuwa ne. Tafiyar ƙafa kaɗan bayan asuba ko bayan magariba an tabbatar tana rage gajiya da damuwa. Mai shan taba ya bari, tana gaggauta ciwon.

Mataki na shida: ku koma wurin likita da kayen a hannu

Likita yana da layi a ƙofa, ƙafa da ido zai tambaya. In ba ku tayar da maganar hali ba, har ku fito ba za ta taso ba. Ku buɗe kayen ku ce ga abin da muka gani, sau kaza, minti kaza.

Akwai magani. Kuɓucewar dariya da kuka tana jin ƙaramin awo na amitriptyline ko magungunan damuwa irin su sertraline, sau da yawa cikin ƴan kwanaki. A Amurka an amince da wani haɗi na musamman dominta tun 2010. Ciwon damuwa kuwa maganinsa yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Amitriptyline yana busar da baki, yana kawo barci, yana iya riƙe fitsari, don haka mai matsalar mafitsara ta faɗa tun farko. Zama da masanin halayyar ɗan Adam shi ma magani ne mai aiki, in an tura ku ku je, ba wai an ce ta haukace ba ne. Ku tambayi likita kuma game da magungunan da ke rage tashin ciwon kansa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin magunguna na dole: rituximab, cladribine da glatiramer. Maganar azumi ma a nan za a yanke ta, tun kafin watan ya kama, addini ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame.

Abin da nake roƙonku da Allah, kada a sayo mata tramol ko maganin barci a wurin masu talla a tire. Tramol in ya haɗu da maganin damuwa yana iya kawo farfaɗiya.

Abin da ba a jira da shi

Haɗarin kashe kai a wurin masu wannan ciwo ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. In kun ji tana cewa "gara in mutu ku huta", ko tana rabar da kayanta, kada a tsaya a "ki yi istigfari" kawai. Ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. A kwashe magunguna da fiya-fiya da maganin ƙwarin gona daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Haka ma in ta yi kwanaki ba barci tana ta surutu, ko ta rikice ba ta gane mutane.

Dangi da malamai

Ba mu hana addu'a ba, kullum Baba yana yi mata tofi, kuma tana samun natsuwa da shi. Inda muka ja layi shi ne duka da sunan fitar da aljani, turare a rufaffen ɗaki mai zafi, da duk wanda zai ce a ajiye maganin asibiti. Malamin da muke zuwa wurinsa da muka yi masa bayani cewa ya yi a haɗa biyun.

Dangi kuwa ba sai an tara su ba. Ku zaɓi mutum biyu ko uku waɗanda in sun yi magana ake ji, ku yi musu bayani da misalin wayar kabu-kabu, su za su isar. Mu Gwaggo muka kama, ita da ta fi kowa faɗa. In za mu taro yanzu, ƙanwata kusa da ƙofa take zama, da ruwan sanyi a gora, kuma ba ma kai ta da tsakar rana. A sunan da aka yi a Sabon Gari bayan Sallah abin ya sake kuɓuce mata, wannan karon kuka, ana tsakiyar guɗa. Wata baƙuwa ta miƙe tana salati. Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba daga rabon goron da take yi, ta ce, "Zauna Hajiya, ciwon jijiyarta ne, yanzu zai wuce. Miƙo mini farantin can."